Jajibirin Jirgin Akosombo

 Wannan karon alƙalami ya faɗo hannunmu, mu ɗin nan da muka dame ku da hotuna daga Gana watannin baya, kowa sanye da rigar ruwa yana washe baki. Da yawanku kun nemi labarin jirgin. Mun zauna mu rubuta, sai muka tarar bai cika shafi ɗaya ba: an shiga, an yi kiɗa, an ci shinkafa, an ɗauki hoto, an dawo. Jajibirin ranar ne ya ƙi sakin mu, don haka shi za mu ba ku.

Mu biyar ne, maza uku mata biyu, duk 'yan ƙungiyar marubuta ɗaya a Kano. Wasu matasa masu rubutun Hausa a unguwar Nima da ke Accra, birnin da mutanen zango ke kira Ankara, su suka gayyace mu bayan mun daɗe muna musayar rubutu ta waya. Ta mota muka je: Kano zuwa Legas, muka ƙetare Seme, muka ratsa Kwatano da Lome, muka shiga Gana ta Aflao. Kwana shida muka yi ana karatu ana gardama ana shan koko da ƙosai. Da tafiya ta zo ƙarshe muka ga akwai 'yan canji a asusu, sai muka ce bari mu yi abin da babu wanda ya taɓa yi a zuri'ar kowannenmu, wato shiga jirgin ruwa don shaƙatawa kawai. Akwai jirgin da ke tashi daga Akosombo a ranakun hutu, ya kai mutane wani tsibiri da ake kira Dodi a cikin tafkin Volta, ya dawo da su da yamma. Mai masaukinmu ya saya mana tikitin Lahadi. Litinin kuma mu kama hanyar gida.

A nan gardama ta tashi. Mai masauki ya ce mu tafi tun Asabar mu kwana can. Ma'ajinmu ya ce sam. Shi dai difilomarsa a kan lissafin kuɗi take, kuma tun daga Kano yake rubuta ko ruwan leda a littafi. Ya ce Ankara zuwa Akosombo kusan kilomita 100 ne, bai kai Kano zuwa Zariya ba, jirgin kuma sai da hantsi zai tashi. In muka yi sallar asuba muka fita, kafin takwas muna can. Me zai sa mu biya kuɗin ɗaki biyu alhali a Nima kyauta muke kwana?

Mai masauki ya yi dariya ya ce, "Malam ma'aji, motar haya ta Lahadi da safe ba ta cika da wuri, mutane suna coci. Jirgi kuwa in ya tashi ya tashi, sai wani makon, ku kuma kuna Kano."

Ma'aji ya ce zai tashe mu da wuri. Wannan kam ba mu yi musu ba, domin agogon hannunsa har ranar yana kan lokacin Najeriya, wanda ke gaban na Gana da awa guda, kuma kwana shida yana tashin mu alwala ladan bai ko farka ba. Aka kaɗa ƙuri'a, huɗu da ɗaya. Ya rubuta kuɗin ɗaki a littafinsa, ya ja layi biyu a ƙarƙashi.

Bayan azahar ranar Asabar muka isa tashar mota ta Tudu. Sunan unguwar ke nan a tsakiyar Ankara, Tudu, kamar kana Kano. Muka shiga ƙaramar bas ɗin da suke kira trotro, muka zauna jiran ta cika fiye da awa guda. Da ta tashi muka faɗa cunkoso kafin mu hau babban titin Tema. Bayan mun bar Tema mun miƙa arewa, mun wuce Afienya kaɗan, sai injin ya fara tari ya mutu. Direba da kwandasta suka buɗe ƙarƙashin kujerar gaba suna zuba ruwa, mu kuma muka fito muka tsaya gefen titi, duwatsun Shai na can gabanmu. Wajen duwatsun nan birai manya suke zama a bakin hanya suna jiran a jefa musu ayaba, mun gan su da muka wuce daga baya. Mun fi minti arba'in a tsaye. Babu wanda ya ce wa ma'aji komai, shi ne da kansa ya dubi agogonsa ya ce, "Da gobe ne fa…" ya yi shiru.

Biyu daga cikinmu, har da mai wannan rubutu, injiniyancin gine-gine muka karanta a kwalejin kimiyya da fasaha, kuma ba mu bar fasinjojin motar sun huta ba. Dam ɗin Akosombo yana cikin waɗanda malami ke kawowa misali a aji, mu kuwa ga mu za mu gan shi ido da ido. Muka dinga zuba wa sauran lissafi. An fara gina shi a 1961, an gama a 1965. Kwame Nkrumah ya buɗe shi a Janairun 1966, wata guda kafin sojoji su kifar da gwamnatinsa. Ba da kankare aka tare kogin ba, tsibin duwatsu ne da yumɓu a tsakiya. Injuna shida ne, yanzu suna iya ba da megawat 1,020. Babban dalilin gina shi shi ne a samar wa masana'antar narka alminiyon da ke Tema wuta, har ana sayar wa Togo da Benin. Ruwan da ya taru a bayansa ya kai murabba'in kilomita 8,500, yana cikin tafkunan da ɗan'adam ya yi mafi faɗi a duniya. Muka ƙara da cewa an tashi kimanin mutum 80,000 aka mayar da su sababbin matsugunai 52. Da murya ɗaya muka faɗi wannan da ta megawat ɗin, haka ma muka haddace shi don jarrabawa.

Ana dab da magariba muka sauka a Atimpoku, 'yar tazara kaɗan kafin Akosombo, don an ce mana ɗaki ya fi araha a nan. Kafin mu sauke jaka mata masu talla sun kewaye motar da tire a ka. Akwai wasu ƙananan kifi soyayyu, ko wanne bai kai tsawon gaɓar yatsa ba, sunansu da Turancin wurin yana nufin mutum ɗaya ya ci dubu. Ana cin su da abolo, wani abu kamar wainar masara mai ɗan zaƙi da ake turarawa a ganye. Ga jatan lande soyayye ja wur. Ma'aji ya yi ciniki har mai tallar ta ce masa wani abu da yarensu, sauran matan suka kwashe da dariya.

Daga tashar kana hango gadar Adomi, ƙarfe lanƙwashe kamar baka ya ɗauke titi ya tsallakar da shi kogin Volta. An buɗe ta a farkon 1957, kafin Gana ta sami 'yanci a watan Maris na shekarar. Mun taka har tsakiyarta. In babbar mota ta wuce sai ka ji gadar na motsi a tafin ƙafarka. Ruwan ƙasa kore shar, yana tafiya a hankali, masunta biyu a kwalekwale suna jan koma. Dam ɗin yana can sama, duwatsu sun kare shi.

Muka tambayi masallaci aka nuna mana wani ƙarami a bayan tasha. Da aka idar muna gaisawa da mutane, wani dattijo da ke da tebur na goro da turare a ƙofar masallacin ya ji Hausarmu ya ɗago.

"Samari, daga Hausa?"

Haka suke cewa, Hausa, kamar sunan gari ɗaya. Muka ce daga Kano, Baba. Ya sa aka jawo benci, ya aika yaro ya kira 'yan uwanmu mata daga ɓangaren mata, ya ce baƙon Kano ba ya wucewa bai ci goro ba. Ya tambayi abin da ya kawo mu. Muka ce gobe za mu shiga jirgi. Ya ce madalla, ruwan yana da kyau. Ya tambayi sana'armu. Nan fa muka gyara zama muka ce mu marubuta ne, waƙa da labari, da Hausa.

"To kun karanta Malam Umaru ke nan."

Muka dubi juna. Sakatariyarmu, wadda ita kaɗai ta yi kwas na adabin Hausa, ta ce, "Alhaji Umaru Salaga, Baba?"

"Na Karachi," ya ce. "Salaga wucewa ya yi. A wurinmu ya zauna, a wurinmu ya rasu."

Ta san sunan. Ta san yana da waƙa a kan talauci da wata a kan zuwan Nasara, don sun fito a jarrabawa. Ba ta taɓa ganin baiti ɗaya ba. Mu huɗun kuwa ko sunan ba mu taɓa ji ba, mu da muka kwana shida a Nima muna koya wa mutane ƙafiya da amsa-amo.

Ga abin da ya kamata a ce mun sani, kuma wanda muka tabbatar daga baya. An haifi Alhaji Umaru a Kano a 1858, iyayensa Kabawa ne, ya yi karatu a ƙasar Sakkwato da Gwandu. Yana matashi ya rubuta littafi da Larabci a kan yadda ake rubuta wasiƙa. Ya bi hanyar fataken goro zuwa Gwanja, ya zauna a Salaga, babbar kasuwar goron da kakanninmu ke kwashe watanni suna tafiya da jakuna kafin su kai. Yaƙin basasar Salaga na 1892 ya watsa kasuwar, mutane da yawa suka koma Kete-Krachi a bakin Volta, shi ma daga baya ya koma can, ya zama limami. Kete zangon 'yan kasuwa ne, yawanci Hausawa, Krachi kuma garin 'yan ƙasa. Gishirin Ada na haurowa ta kogi a kwalekwale, a nan ake sauke shi. Lokacin garin yana hannun Jamus, kuma wani jami'insu mai suna Adam Mischlich ya yi karatun Hausa a wurinsa, ya sa shi ya rubuta tarihi da al'adun ƙasar Hausa da ajami. Ya yi waƙoƙi da Larabci da Hausa, ya yi aikin Hajji, ya rasu a 1934. Mutanen Gana na kiransa Imam Imoru. Wato ɗan Kano ne, kuma mu 'yan Kano sai da muka tsallake iyaka uku kafin mai goro ya gaya mana sunansa.

Dattijon bai riski Malam Umaru ba. Mahaifinsa ne ya yi karatu a gaban wani almajirinsa. Muka ce to yanzu in mutum ya je Karachi zai ga unguwar da ya zauna?

Ya nuna arewa da hannu, wajen duwatsun da suka kare dam. "Ruwan da za ku shiga gobe, shi ya ci Kete. Garin da ke can yanzu sabo ne, a kan tudu."

Ya ce yana yaro, bai kai shekara goma ba, aka zo aka rubuta lamba a jikin gidaje. An toshe kogin a 1964, kuma ruwan bai zo da hayaniya ba. Kullum in an tashi sai a ga ya ɗan matso. Ya ci kwata, ya ci gonakin bakin kogi, ya shigo kasuwa. Yara suna kafa kara da yamma, da safe su tarar ya nutse, abin wasa ne a wurinsu. "Uwana ya ƙi tashi," ya ce. Hausar Gana ba ta raba mace da namiji a irin wannan wurin, kuma a Nima mun sha yi wa abin dariya a ɓoye. A bakinsa babu wanda ya ji dariya. Mahaifiyar tasa ta ce ba za ta bar inda aka binne iyayenta ba, sai da ruwa ya zo murhu. Motar gwamnati ta kwashe su zuwa sabon gida mai ɗaki ɗaya, aka ce su ƙarasa sauran da kansu. Mahaifinsa bai yarda an ɗora gafakar littattafansa a mota ba, a kansa ya ɗauke ta.

Daga nan ya rufe ido ya rera mana baitoci daga waƙar talaucin, yadda mahaifinsa ke rera ta. Abin da waƙar ke faɗa shi ne yadda ake wulakanta matalauci ko da shi ke da gaskiya, a girmama mai dukiya ko da shirme yake yi. Hausa ce tsohuwa, mai nauyi, wasu kalmomin sai da sakatariya ta sa ya maimaita. Ya yi kamar minti uku ya ce iyakar abin da ya riƙe ke nan, tsufa ya ci sauran. Wayoyi biyar ne a hannunmu, waɗanda muka ɗauki hoton kifi da gada da su, kuma babu wanda ya tuna ya danna ya naɗi muryar. Sai da aka kira isha'i muka rabu, ya ba mu goro fari babba guda, ya ce mu ci a kan ruwa.

A masauki ba mu yi barci da wuri ba. Muka taru a barandar da ke tsakanin ɗakunan biyu, fanka na juyawa. Sakatariya ta ce ita kam jirgin ya fita ranta. A sayar da tikitin, a nemi hanyar Karachi. Yaya za a yi marubuci ya ji wannan labari, gari ya waye ya je ya yi rawa a kan ruwan? Ma'aji ya buɗe littafinsa ya nuna mata. Karachi tana can arewa sosai, ba wurin da za a je a dawo a yini ba ne, ko ta mota ko ta jirgin kaya, kuma abin da ya rage mana kuɗin komawa Kano ne da ɗan na cin abinci. Wannan karon babu wanda ya kaɗa masa ƙuri'a, lissafinsa daidai yake.

Ɗayar 'yar uwar tamu, wadda ba ta cika magana ba, ita ta fi ba mu haushi don ita ta fi gaskiya. Ta nuna fankar ta ce wutar da ke juya ta daga ina take? Ta nuna wayoyinmu da ke jere a soket. Ta ce mu daina yi kamar yau aka fara. A gida ma dam ɗin Kainji ya cinye tsohuwar Bussa a ƙarshen shekarun 1960, aka gina sabuwa, kuma duk ranar da aka kawo wuta a unguwarsu ihun murna ake yi, ba ta taɓa jin wanda ya tambayi mutanen Bussa ba. Ta ce baƙin cikin dare ɗaya mai araha ne, dattijon ma bai nemi mu yi masa kuka ba, cewa ya yi ruwan yana da kyau. Abin da ya tambaye mu shi ne ko mun karanta, muka kasa amsawa.

Mu injiniyoyin biyu ba mu ce uffan ba. Adadin nan na 80,000 da muka yi ta taƙama da shi a mota ya dawo mana da mace a ciki tana zaune kusa da murhu. Har yanzu muna ganin dam ɗin aiki ne na a jinjina, ba za mu yi muku ƙarya ba. Wanda ya taɓa auna ƙasa da tef a rana ya san abin da ake nufi da tare kogi irin Volta. Sai dai yadda aka koya mana shi, da yadda muka koya wa fasinjojin trotro, akwai rashin kunya a ciki.

Wajen ƙarfe ɗaya aka daidaita. Za a shiga jirgin. Amma Litinin ba za a kama hanya da asuba ba. Sakatariya ta tuna an taɓa gaya musu a aji cewa Cibiyar Nazarin Afirka ta Jami'ar Gana da ke Legon ta tara rubuce-rubucen malaman ƙasar na Larabci da ajami, har da na Alhaji Umaru. Legon kuwa a gefen Ankara take. Sai a ƙara kwana guda a Nima. Matsalar ita ce a cikinmu biyar mutum ɗaya ne ke iya karanta ajami ba tare da tuntuɓe ba, shi ne ma'aji, wanda ya yi allo a wurin kakansa kafin boko. Ya ce in dai shi zai karanta, to ƙungiya ce za ta biya masa kuɗin mota. Ya rubuta a littafin.

Da asuba muka koma masallacin da niyyar mu roƙi dattijon ya sake rerawa mu naɗa. Teburin yana nan an lulluɓe shi da buhu. Yaron jiya ya ce Baba ya bi motar farko zuwa Kpong, jikarsa ta haihu cikin dare.

Tasi ta kai mu kwatar Akosombo tun ma'aikatan jirgin na share bene. Mu ne farkon zuwa, muka zauna muna kallon ruwan da duwatsu suka kewaye, shiru kamar an shimfiɗa tabarma. Ana dab da cire tsani wata bas ta shigo da gudu daga Ankara, mutane suka diro suna ɗaga tikiti suna kira, ma'aji ya bi su da kallo bai ce komai ba. Jirgi ya yi ƙaho, makaɗa suka fara. Da muka yi nisa sai muka fara ganin kawunan itatuwa busassu a tsaye cikin ruwa, baƙaƙe, tsuntsaye a kansu. Sakatariya ta je ta tambayi wani ma'aikacin jirgin ina ne wajen Karachi. Ya nuna gaba da haɓa, ya ce da nisa.

Ma'aji ya ciro goron daga aljihu, ya ɓare shi, ya sa farce ya raba biyar.